Rawar Tayar Baya

Kalilu bakanike yana wanke kafiretar mota a cikin kwanon fetur sai ya ji ana ƙwala masa kira tun daga bakin titi, irin kiran da ake yi wa wanda ya saci akuya. Ko bai ɗaga kai ba ya san mai muryar. Duk tashar Daura babu mai maƙogwaro irin na Malam Nu'uman, direban da ke jan mutane salla a masallacin tasha idan liman bai zo ba, wani lokacin ma ko ya zo.

Farar motar Nu'uman ta shigo garejin a hankali, bayanta na karkaɗawa kamar tsohuwa mai ciwon kwankwaso. A kujerar gaba Alhaji Badaru ne, shugaban direbobin layin Kongolam. A bayansu kuma direbobi huɗu a kan babura biyu, waɗanda ba abin da ya kawo su sai kallo.

Nu'uman bai yi sallama ba, shi da ke tsayar da babban mutum a hanya don ya gyara masa yadda ake sallama. Fitowa ya yi ya buɗe ƙofar baya, ya ce Kalilu ya matso ya shaƙa. Kalilu ya matso, wari ya buge shi, ya ja da baya yana toshe hanci. Aman fura da nono ne ya fara bushewa a kan kujera, ƙudaje kuwa tuni sun sami labari.

Nan Nu'uman ya shiga bayani, ba don Kalilu ba, don masu kallo. Wai da safe ya yi lodin fasinja tara zuwa Kongolam. Suna fita gari ya taka mota, tana kaiwa tamanin sai bayanta ya kama rawa, har sitiyari na neman ƙwacewa daga hannunsa. Mata suka ɗauki salati, wata tsohuwa ta amayar da abin da ta karya da shi, fasinja suka rantse sai ya sauke su. A tsakiyar gonakin gero ya sauke su, yana kallo suka hau motocin wasu. Shekara ashirin yana tuƙi, in ji shi, ba a taɓa yi masa wannan wulaƙanci ba sai da ya kawo motarsa hannun mai cin amana.

Kalmar nan ta cin amana ta daki Kalilu, amma ya haɗiye. Kwana takwas ke nan da ya yi aikin. Motar da birkin kwano ta zo a baya, irin na da, wanda ake kifawa a rufe komai a ciki. Nu'uman ne ya ga wata mota da aka shigo da ita ta kan iyaka mai birkin faifai ƙafa huɗu, ya ce shi ma sai an mai da tasa haka. Kalilu ya gaya masa birkin kwanon ba abin da ya yi, a bar shi. Nu'uman ya ce ai ba shawara ya zo nema ba. To, mai abu da abinsa. Kalilu da kansa ya je Kano ya zaɓo faifai biyu da duk kayan haɗinsu, ya kwana biyu a kan aikin, ya gwada motar har Sandamu ya dawo, tana tafiya lafiya lau.

Alhaji Badaru ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Dattijo ne mai sanyin magana, kuma shi ne shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya ce duk motocin layin Kongolam a riƙa kawo wa Kalilu. Mota ashirin da 'yan kai, su ne tuwon gidan Kalilu, su ne makarantar 'ya'yansa.

"Kalilu, ba faɗa ya kawo ni ba," in ji shi. "Rayukan mutane muke ɗauka. Ka nemo mana ciwon motar nan a gabanmu. In daga wani wuri ne, Malam Nu'uman zai ba ka haƙuri. In kuwa daga hannunka ne, ka yi mana uzuri, motocinmu sun bar garejin nan."

Kalilu ya ce ya ji, ranka ya daɗe. Ya goge hannu da tsumma, ya sa dutse gaban tayoyin gaba, ya ɗaga bayan motar da jak. Sannan ya ɗauko bulo ya ajiye gefen tayar hagu, ya ɗora guntun alli a kai, ya matso da shi har ya kusa taɓa bakin ƙarfen tayar, wato rim, ya juya tayar da hannu. Ta yi ta juyawa, tazarar da ke tsakaninta da allin ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Ya koma ta dama ya yi haka. Wannan kam ko kurma ya ji: duk zagaye ɗaya sai allin ya ce ƙyat, ya bar farin zane kamar taƙi ɗaya, sannan rim ɗin ya janye ya ba shi wuri.

Direbobin suka matso, kowa ya zama bakanike. Wannan ya ce boris ne ya mutu, wato ƙwayoyin ƙarfen da taya ke juyawa a kansu, wancan ya ce rim ne ya lanƙwashe a ramukan hanyar Mai'aduwa. Nu'uman ya ce babu wani rami, hannun mugu ne kawai. Kalilu ya tsuguna gaban tayar daman. Ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza da ƙarfi, ko motsi ba ta yi ba, ke nan boris lafiyarsa ƙalau. Ya kwance ta, ya ɗauko tayar ko-ta-kwana daga but ya ɗaura, ya sake kawo allinsa. Ƙyat, ƙyat, a daidai gefen nan dai. Ke nan rim ma ba shi da laifi.

Daga nan kuwa abin da ya rage duk aikin hannunsa ne. Ya cire tayar, ya mai da notuna a kan faifan birkin shi kaɗai, ya ɗaure, ya kawo alli gefen faifan. Faifan ma rawa yake yi. Ko dai a lanƙwashe ya sayo shi bai lura ba, ko kuwa bai zauna daidai a mazauninsa ba. Ɗaya daga cikin direbobin ya yi tsaki ya ce shi ke nan, magana ta ƙare. Nu'uman ya ce Allah ba ya barci.

Sai dai Kalilu yana da wata ɗabi'a da ya koyo wurin maigidansa na Kano. Duk notin da ya ɗaure a ƙafar mota sai ya ɗiga masa fenti rawaya, ɗigon ya hau kan noti ya gangara kan ƙarfen da ke jikinsa. Direbobi har tsokanarsa suke yi, wai yana yi wa mota lalle kamar amarya. Da ya leƙa bayan faifan, wurin ƙarfen nan da ke cije shi in an taka birki, wanda suke kira kalifa, sai ya ga lallen amarya ya rabu. Rabin ɗigon na kan noti yana kallon sama, rabin na kan ƙarfe yana kallon gefe. Kawunan notunan kuma duk an gwaguye su da sifanar da ba tasu ba. Ya zagaya ya duba na hagu, fentinsa na nan yadda ya bar shi.

Ya ɗago ya tambaya ko wani ya taɓa ƙafar nan bayan shi. Nu'uman ya ce wa zai taɓa, motar da ke kwana a ƙofar gidansa. Kalilu ya ce to, bari ya sauke kalifar ya zare faifan a ga bayansa.

Abin mamaki, nan take muryar nan mai cika tasha ta sauko. Nu'uman ya ce ai ba sai an kai ga haka ba, tunda an ga faifan ne, a ƙara ɗaure notuna kawai a gani. Ya ce rana na yi, Alhaji na da jama'a a ofis, bai kamata a tsai da dattijo a rana ba. Ya ce shi ma ya yafe, komai muƙaddari ne. Kalilu ya dube shi da kyau. Zufa ce ke gangaro masa daga ƙarƙashin hula tana shiga gemu. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Alhaji Badaru ya ce a'a, tunda an fara a ƙarasa.

Kalilu ya durƙusa ya ba su baya, don haka aikin yake, ba don wata dabara ba. Ya kwance notuna biyun, ya rataye kalifar da waya, ya kama faifan da hannu biyu ya janyo. Da ya karkato cikinsa sai ya ga wani abu manne a ciki, daidai inda faifan ke kwanciya a kan mazauninsa. Ɗan ƙaramin abu ne mai kusurwa huɗu, bai kai akwatin ashana ba, notuna sun matse shi ya yi fale-fale, gefe ɗaya ya fara ƙonewa da zafin birki. Laya ce.

Sai a lokacin ya tuna ranar da ya buɗe tsohon kwanon birkin nan na dama. Ya tarar da wani baƙin dunƙule ɗaure da waya a lungu, ya ƙone ƙurmus, ya ɗauka tsumma ne ya jefar a bola. Ashe ajiya ce. Birkin kwano yana da ciki, ana iya ɓoye abu ya shekara ba wanda ya sani. Birkin faifai kuwa tsirara yake, ba shi da lungu. Da mutumin ya rasa maɓoya sai ya kwance aikin mutane ya cusa abinsa tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ya ɗaure, ya kwashi rai tara ya hau titi.

Da a nan abin ya tsaya, da Kalilu ya miƙe ya ɗaga faifan sama kowa ya gani, ya sha dariyarsa. Amma da ya sa babban yatsa ya ɓanɓaro layar sai ya tsaya ya dube ta da kyau. Jar fatar akuya ce, an ɗinke ta da koren zare riɓi biyu, an ƙulle ɗinkin sau uku a kusurwa ɗaya. Ɗinkin nan ya san shi kamar yadda ya san tafin hannunsa. Tun yana ƙarami shi ke zura wa mahaifinsa, Malam Ɗantsoho, wannan zaren a allura, a zaurensu na cikin gari kusa da Kusugu.

Shekara shida ke nan, a shekarar da aka fara Shari'a, wasu samari masu zafin kai suka taru a ƙofar zauren nan ba wanda ya aike su. Nu'uman ne a gaba da lasifika. Ya kira tsohon da sunaye iri-iri a gaban maƙwabta da surukai, ya sa aka fito da buhun layu da fatu aka cinna masa wuta a tsakiyar lungu. Malam Ɗantsoho ya tsaya ba hula ya yi wa jama'a alkawarin ya daina har abada. Kalilu na wurin, kuma shi kansa bai taɓa yarda da layun nan ba, sun sha yin musu da tsohon a kai. Amma warin ƙonanniyar fatar nan da rawar da leɓen mahaifinsa ke yi ba su taɓa barinsa ba.

Wadda ke hannunsa yanzu sabuwa ce fil. Zaren bai dushe ba, har warin jima bai gama fita daga fatar ba.

Ƙyama ta kama shi, ta fi ta aman da ke kan kujera. Ya rasa wa zai fi jin haushi, mai lasifikar da ke zagin abu da rana yana nemansa a ɓoye, ko tsohon da ya karya alkawarinsa, kuma don wa, don mutumin da ya tozarta shi. Ya dunƙule layar cikin tsumman hannunsa, ya zura a aljihun rigar aiki.

"Me ka gani?" in ji Alhaji Badaru.

Kalilu ya juyo. Fuskar Nu'uman ta yi fari kamar an yayyafa mata toka. Kalma ɗaya ta isa. Zai fito da tsumman ya warware, kafin la'asar labari ya kai Kongolam, Nu'uman ba zai ƙara tsayawa gaban sahu ba, garejin kuma ya tsira. Sai dai direbobin nan 'yan gari ne, biyu daga cikinsu ma da irin wannan koren zaren aka yaye su. Suna gani za su san ɗinkin wane ne. Gobe wasu samarin za su sake tsayawa a ƙofar zaure, wannan karon a ce tsoho mai shekara saba'in da takwas maƙaryaci ne, kuma layarsa ta kusa kashe mutum tara. Gaba kura, baya sayaki.

"Datti ne, ranka ya daɗe," in ji Kalilu. "Ya shiga tsakanin faifai da mazauninsa, shi ya hana shi zama daidai."

"Datti. Wa ya ɗaura faifan?"

"Ni na ɗaura."

Alhaji Badaru ya daɗe yana kallonsa, kamar yana jiran ƙarin bayani. Da bai samu ba sai ya girgiza kai ya ce bai yi zaton haka daga Kalilu ba, bakaniken da ke ɗiga wa noti fenti a ce ya manta share ƙarfe. Ya ce magana ya riga ya yi a gaban mutane, ba zai lashe ta ba. Ya ce Kalilu ya gyara wa Malam Nu'uman motarsa, sauran motocin kuma za su nemi wani wuri.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ɓata wa Kalilu rai. Jini ya dawo fuskar Nu'uman, muryar ma ta dawo. Ya gyara hula, ya fuskanci direbobin, ya shiga yi musu wa'azi a kan amana da kyautata sana'a, da yadda za a tambayi kowane ma'aikaci aikin hannunsa ranar gobe. Har ya ce shi ya yafe wa Kalilu duniya da lahira. Direbobin suna ta gyaɗa kai. Laifi tudu ne, in ji masu magana, amma Kalilu bai taɓa ganin wanda ya hau nasa ya kafa mumbari a kai ba sai yau.

Kalilu ya koma bakin aikinsa. Ya goge mazaunin da burushin ƙarfe har ya yi ƙyalli, ya goge cikin faifan, ya mai da shi. Ya canza notunan da aka gwaguye da sababbi, ya ɗaure, ya ɗiga musu fentinsa. Ya ɗaura taya, ya kawo bulo da alli ya juya. Wannan karon da ya matso da allin ya taɓa rim, farin zanen ya zagaye tayar gaba ɗaya ya haɗe, babu inda ya yanke.

Aka kira sallar azahar. Alhaji Badaru ya ce shi ba zai ƙara shiga warin motar nan ba, ya hau bayan babur ɗin ɗaya daga cikin direbobin suka tafi. Nu'uman ya ce su yi gaba, zai duba ruwan lagireto ya biyo su. Ya buɗe gaban mota yana taɓe-taɓe har ƙarar baburan ta ɓace. Sannan ya zagayo inda Kalilu ke tattara sifanu, ya tsuguna kusa da shi, ya yi ƙasa da murya.

"Tana ina?"

Kalilu bai dube shi ba. Ya tambaye shi yaushe ya je wurin Baba.

Nu'uman ya ce shekaranjiya. Ya ce tun da aka jefar da ta cikin kwanon ya kasa sakewa a kan sitiyari, ta kakarsa ce, tun motarsa ta farko yake yawo da ita, ita ce ma ba ta shiga buhun nan ba. Ya ce kada Kalilu ya zargi Malam, sau uku yana zuwa tsohon na korarsa.

"A na huɗun ya yarda. Bai karɓi komai ba. Cewa ya yi in cire hula in durƙusa a lungu, daidai inda muka ƙona buhun, in karɓa da hannu biyu."

"Ka durƙusa?"

"Ba kowa a lungun."

Kalilu ya ji kamar ya tofar da yawu. Ya fito da tsumman ya warware, ya ajiye layar a kan bulo kusa da allin, don bai son hannunsa ya taɓa na mutumin. Nu'uman ya yi wuf ya ɗauke. Ya juya ta, ya hure ƙurar da ke jiki, amma bai tashi ba. Ya dubi tayar, ya dubi Kalilu, ya ce Allah ya saka da alheri a kan rufin asirin nan, zai san yadda zai yi wa Alhaji magana nan gaba idan ƙura ta lafa. Sannan ya ƙara matsowa.

"Kai ka san kan birkin nan. Ba wani ɗan wuri kusa da taya da za a sa ta, inda ba za ta kawo rawa ba?"

Kalilu ya ajiye sifanar da ke hannunsa, ya dube shi ido cikin ido.

"Akwai wuri ɗaya, Malam. Ka sa mata igiya ka rataya a wuyanka, a saman riga. Nan ba ta taɓa ran kowa."

Nu'uman ya waiga hagu, ya waiga dama. Ya ɗaga ƙafar wando ya cusa layar cikin safa, ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Ya ce bari ya hanzarta, kada a rasa mai jan salla.

Kalilu ya tsaya a bakin garejin yana kallon motar ta hau titi. Ta ɗauki gudu, tayar baya ta dama tana tafiya ɗoɗar, ko ɗan kaɗawa babu. Ya koma ciki ya zuba sabon fetur a kwano ya wanke hannunsa, ya goge, ya sake zubawa ya wanke, duk da babu sauran baƙin mai a jiki. Sannan ya ɗauki buta.